Baban Tsako da Bawul ɗin Hita

Mijin yayata direba ne. Tun ina firamare ya aure ta, kuma tun lokacin ban taɓa ganin ya yarda da wani ma'auni ba sai jikinsa. In yana son sanin ko inji ya yi zafi, ba ya kallon allura, tafin hannu yake ɗorawa a kan bonet. Ruwan da ya ɗiga a ƙarƙashin mota sai ya dangwala da yatsa ya kai hanci, wani lokacin har harshe. Ya zuƙi fetur da tiyo, ya hure bututun mai da ya toshe, ya busa ƙura daga kan fulogi. Bakinsa na cikin kayan aikinsa, kamar sifana da filaya. Ni akawu ne, aikina in ajiye takarda inda za a same ta gobe, don haka ba mu cika shan inuwa ɗaya ba a kan yadda ake gano gaskiyar abu. Yana kirana Akawu, da wata murya ta zolaya. Ni ina ce masa Yaya Babba. Sauran mutane Baban Tsako suke ce masa.

Da yaron mota ya fara, a wata babbar motar ɗaukar katako. Daga baya ya karɓi sitiyari, ya yi shekaru yana kwana a hanya, har yayata ta gaji da renon yara ita kaɗai ta ce ya zaɓa, ko gida ko titi. Sai ya sayi wata tsohuwar mota mai dogon baya, ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katako, ya samu aiki a wani gidan ƙyanƙyasar kaji. Duk ranar da ƙwai ya fashe, shi ke loda kwalayen 'yan tsaki ya rarraba wa masu gonaki na nesa, a kan wata hanya mai hawa da gangara wadda ya san kowane raminta. A sauran ranaku yana ɗaukar buhunan abincin kaji. Da wannan hanyar ya sa 'ya'yansa a makaranta, da ita ya rufa wa ɗakunansa kwano. Matar da ke da gidan ƙyanƙyasar, wadda yake kira Uwar Ɗaki, mace ce mai adalci amma ba ta maimaita magana.

Ɗan tsako na kwana ɗaya ba ya iya ɗumama kansa. In ya ji sanyi sai ya matsa jikin ɗan uwansa, wannan ma ya matsa, har su taru a lungun kwali su danne na ƙasa. Saboda haka a lokacin sanyi, hitar motar Baban Tsako ta fi taya muhimmanci. Ita ce ta daina aiki ana tsakiyar sanyin bara.

Bai gaya wa kowa ba. Ya cika jarkoki da ruwan zafi ya jera tsakanin kwalaye, ya lulluɓe da barguna, ya kama hanya. Kafin ya kai gonar ƙarshe ruwan ya huce. Da aka buɗe kwalayen da ke kusa da ƙofar baya, an samu waɗanda suka mutu a dunƙule a lungu, mai gonar kuma ya kira Uwar Ɗaki tun Baban Tsako bai juya mota ba. Da ya dawo, ta same shi a tsakar gidan ƙyanƙyasa.

"Baba, ba zan yi maka faɗa ba, ka girme ni," in ji ta. "Amma ƙwan da ke cikin injina ranar Talata ta sama zai fashe. In na shiga motarka ban ji ɗumi ba, zan ba wa mai sabuwar motar nan hanyar. Ya daɗe yana min zarya. Kuma ka san in na ba shi, ba zan karɓe ba."

Ranar Asabar yayata ta kira ni ta ce in zo in taya shi riƙe kaya, don ita ta gaji da jin yana zagin mota. Na same shi a ƙofar gida, bonet a buɗe, kansa a ciki.

"Akawu! An ba ka hutu daga shan iskar fanka? Zo ka ga aiki."

Ya yi min bayani a gurguje, ni kuma zan jera shi yadda na fahimta. Ruwan da ke sanyaya inji yana ɗaukar zafi. Wani tiyo mai kauri na ɗebo wannan ruwan ya kai shi wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa, ɗumi ya shigo mota. A tsakiyar tiyon akwai bawul, shi ke tsaron ƙofa. A irin motarsa bawul ɗin a rufe yake zaune. Sai an murɗa maɓallin hita, inji ya zuƙi iska ta wani siririn tiyo, zuƙar ta ja wata fatar roba da ke cikin kan bawul ɗin, fatar ta ja wani ɗan hannun ƙarfe, sannan ƙofa ta buɗe.

Ya bar inji ya yi zafi, ya kama hannuna ya ɗora a tiyon kafin bawul. Na janye da sauri. Ya ɗora a bayan bawul, sanyi ƙalau.

"Ka gani? Ruwa ya zo ƙofa, an hana shi shiga."

Ya kashe inji, ya zare siririn tiyon, ya ɗauko wani guntun tiyo nasa ya soka a hancin bawul ɗin, ya kai baki ya zuƙa. Kumatunsa suka lotsa. Hannun ƙarfen bai motsa ba. Ya sake zuƙa, ya tofar da yawu, ya goge baki da bayan hannu.

"Ya mutu. Fatar ciki ta huje."

"Wancan siririn da ka zare fa? Ba za a duba shi ba?"

"Na kama ɓarawo da kaya a hannu, kana cewa in je in tambayi maƙwabta? Miƙo min sukundireba."

Ya cire bawul ɗin, ya toshe bakunan tiyon don motar ta ci gaba da aiki. Sabon bawul irin wannan ya daɗe da ɓacewa a shagunan kayan mota. Wani mai shago ya ce min ko kakansa bai sayar da shi ba. Sai wurin 'yan gwangwan, masu farfasa tsofaffin motoci, kuma layinsu na bayan ofishinmu. Shi yana hanya da buhuna duk yini, don haka aikin ya faɗo kaina. Da hutun rana na shiga layin da takalmina na ofis, ina tsallake baƙin mai, da tsohon bawul ɗin a leda ina nunawa rumfa rumfa. Na samo ɗaya. Da yamma na kai masa. Ya juya shi a hannu, ya soka guntun tiyonsa, ya zuƙa.

"Gawa suka sayar maka."

Washegari na mayar. Mai rumfar ya karɓa yana gunaguni, ya tona ya ba ni wani. Shi ma Baban Tsako ya zuƙa ya ce gawa ne, ya ƙara da cewa sun ga farar rigata sun gane an kawo musu tunkiya. Na haɗiye. A wannan makon sau da yawa na koma tebur a makare da ƙamshin tsohon mai a hannuna, shugabanmu yana kallona ta saman tabarau. Shi kuma a gida ya sa motar gaba. Ya zargi fanka ya kwance ta, lafiyarta ƙalau. Ya wanke lagireto. Ya ce zai sa ɗan murhun gawayi a bayan mota, yayata ta ce in ya sa, ita za ta zuba masa ruwa da hannunta, gara ya rasa hanyar da a kawo mata shi a kwance. Ya daina cin abinci sosai. Da ka yi masa magana sai ya hau ka da faɗa.

Bawul na uku daga wani dattijo na samo shi, a rumfar ƙarshen layi, mutum mai ido ɗaya da haƙuri kaɗan. Da na dawo masa da shi ranar Juma'a na ce matacce ne, bai karɓa ba.

"Wa ya ce?"

"Mai motar. Ya gwada."

"Da me ya gwada?"

"Da baki."

Ya fizge bawul ɗin, ya goge hancin bawul ɗin da gefen riga, ya kafa baki kai tsaye ya zuƙa sau ɗaya. Hannun ƙarfen ya ɗaga, ƙyas. Ya toshe hancin da harshe, hannun ya tsaya a sama. Ya saki, ya koma.

"To? Ko kai ma ka gwada, Malam. Ba ya cizo."

Na gwada. Ɗanɗanon roba da tsatsa ya cika min baki, amma hannun ya ɗaga ba tare da na wahala ba. Tsohon bawul ɗin motar na nan a cikin ledata. Na fito da shi, na zuƙa. Shi ma ya ɗaga.

"Kayana lafiya lau," in ji dattijon. "Naku ma lafiya lau. Je ka ce wa mai motar ya duba inda zuƙar ke fitowa. Kuma ka daina ɓata min suna a layi."

A hanyar komawa ofis raina ya ɓaci ƙwarai. Mako guda ina yawo cikin baƙin mai ina neman abin da ba a rasa ba. Sai da na zauna a kujera na tuna yadda kumatunsa suka lotsa, da yadda yake tsayawa ya dafa mota bayan kowace zuƙa kamar yana tunani. Ashe ba tunani yake ba, numfashi yake nema.

Da yamma na fara shiga wurin yayata. Tana wanke kwanuka, na gaya mata a hankali.

"Kai yau ka sani?" Ba ta ko ɗago ba. "Ni da nake jin ƙirjinsa kamar ana jan zarto? Buhu ɗaya in ya ɗauka sai ya zauna. Shekara da shekaru yana shaƙar ƙurar gashin kaji da ta dusa a rufaffiyar mota. Na yi maganar asibiti har bakina ya gaji."

"To ya zan gaya masa?"

"Ka gaya masa na mota, ka bar na ƙirji. Kuma kada in ji maganar nan a bakin Uwar Ɗaki. In ta ji ba shi da lafiya, ko motar ta yi zafi kamar tanda ba za ta ba shi kaya ba."

Ban san yadda ake raba biyun ba. Na fita na same shi zaune a kan taya, na ajiye bawul ɗin biyu a gabansa.

"Yaya Babba, mai rumfar ya ce suna aiki."

"Mai rumfa zai ce kayansa ba sa aiki?"

Na ɗauki na motarsa na zuƙa. Hannun ya ɗaga. Na saki, na sake, ya sake ɗagawa.

Ya daɗe yana kallo. Ya miƙo hannu na ba shi. Ya cika ƙirji, ya kafa baki, ya ja da iyakar ƙarfinsa har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Hannun ya ɗan girgiza ya tsaya. Sai tari ya kama shi, mai tsawo, har ya dafa gwiwa idanunsa suka kawo ruwa. Na yi kamar ina duba taya.

"Kai ka sassauta shi," ya ce da tarin ya lafa. "Tsatsa ce ta riƙe shi, kun yi ta ja kai da mai rumfa har ya saki."

"Wataƙila."

"Ba wataƙila ba ne. Haka ne."

"To haka ne. Yanzu a duba siririn tiyon?"

"Wa ya ce ba za a duba ba? Shiga ka tayar da mota, ka murɗa hita har ƙarshe. Kada ka taɓa min totur."

Sai da ya mayar da tsohon bawul ɗin mazauninsa sannan na tayar. Ya ɗora yatsa a bakin siririn tiyon. Ya kamata ya manne, bai manne ba. Ya yagi 'yar takarda ya kai bakin, ta faɗi ƙasa. Ya bi tiyon daga ɗaya ɓangaren, inda ya fito daga jikin inji, nan kam yana zuƙa har da ƙara. Wato zuƙar na barin inji lafiya, tana shiga bayan dashbod wurin maɓalli, amma ba ta fitowa. A can ciki wani abu ya tsage ko ya zare.

Asabar gaba ɗaya muka ba wa dashbod. Na kwanta a ƙasan sitiyari ƙafafuna a waje, yana ba ni umarni daga sama. Robar motar ta tsufa, duk abin da ka taɓa sai ya ce ƙas ya karye. Muka cire rediyo, muka cire aljihun gaba, na zura hannu har kafaɗa, ina jin tiyon da ɗan yatsa amma ba na iya kamo shi. Don a kai gare shi sai an sauke dashbod ɗin duka har da sitiyari. Bakaniken unguwa ya leƙo ya ce aikin kwanaki ne, kuma ba ya alkawarin komai zai koma mazauninsa.

"Ku tsallake shi mana, Baba. A cire bawul a haɗa tiyo da tiyo."

"Waɗanda suka ƙera motar mahaukata ne da suka sa shi?"

"Su ba kaji suke ɗauka ba," in ji bakanike, ya tafi abinsa.

Wannan ne abin da Baban Tsako ya fi tsana a duniya. A wurinsa tsallake abu aikin ragwaye ne, irin masu ɗaure fiyus da waya. Ya sha tsayawa a gareji yana yi wa irinsu dariya. Ya zagaya motar, ya daki taya da ƙafa, ya shiga gida, ya fito. Ni kuma na gaji, bayana na ciwo, na ce tunda bawul ɗin na aiki a ɗaga hannun a ɗaure shi da waya a huta.

"Waya? A wannan hanyar? Rami biyu za ta sassauta, ƙofa ta rufe ina tsakiyar daji ban sani ba."

"To a jawo zuƙar kai tsaye daga inji."

"In ina hawan dutse na taka mai, zuƙar inji raguwa take yi. Daidai inda sanyi ya fi nan zai rufe min. Akawu, ka tsaya a kan takardunka."

Ranar Lahadi da hantsi ya aiko a kira ni. Na tarar ya riga ya yanko guntun bututun ƙarfe daidai faɗin tiyon, ya goge bakin bututun da fayil. Bai yi maganar jiya ba, ni ma ban yi ba. Ya sa na tara roba a ƙasa, ya kwance kilif biyu, ya murɗa tiyo ya zare bawul ɗin, ruwa mai launin tsatsa ya zubo min har hannun riga. Ya shafa sabulu a bututun, ya tura shi cikin tiyon nan da na can, ya ɗaure kowane gefe da kilif bibbiyu. Ya toshe siririn tiyon da ƙusa mai zare don kada inji ya riƙa shan iska. Ya cika lagireto, ya bar murfin a buɗe inji na aiki har kumfar iska ta gama fita, ya ƙara ruwa ya rufe. Duk aikin bai kai tsawon shan shayi biyu ba, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan.

Ya taɓa tiyon ta bayan bututu, ya janye hannu. Na shiga na kunna fanka, iska mai zafi ta doke ni a fuska.

"Ya yi!" na ce.

"Ya yi mene? Yanzu ba ta da kashewa. Ko an kashe fanka zafin na nan yana tsiyayowa. Na mayar da mota tukunya." Ya jefa bawul ɗin cikin akwatin kayan aiki ya rufe da ƙarfi.

Ranar Talata na nemi izinin rabin yini na bi shi gidan ƙyanƙyasa, don yayata ta ce in tsaya kusa in riƙa ɗaukar kwalaye kada a ga yana haki. Mai sabuwar motar na nan a gefe, ya jingina da ƙofarsa yana wasa da makulli. Uwar Ɗaki ta fito cikin rigar sanyi, ta buɗe bayan motar ta shiga ta zauna a kan katakon, ta ja ƙofa ta rufe. Muka tsaya muna kallonta ta gilashi. Da ta fito ta cire rigar sanyin ta rataya a kafaɗa.

"Baba, cewa na yi ɗumi, ban ce ka gasa min su ba."

"Zan riƙa sauke gilashi kaɗan, ranki ya daɗe."

"A loda masa." Ta dube ni. "Wannan fa? Ka yi yaron mota da farar riga?"

"Ƙanin matata ne. Zaman ofis ya sa shi tumbi, na ce ya zo ya motsa."

Ya dawo da yamma da singileti, gumi har cikin takalmi, babu mai gonar da ya kira. Hanyar ta zauna a hannunsa, har yau kuma tana hannunsa. Asibiti sai da babbar 'yarsa ta zo ta ɗauke makullin motar ta sa a jaka sannan ya je. An ba shi abin shaƙa da abin rufe hanci. Abin rufe hancin a haɓa yake sa shi.

Da zafi ya shigo, motar ta zama abin da ya faɗa. Na ce masa yanzu da sarari, a sauke dashbod a gyara tiyon a mayar da komai yadda yake. Ya ce ba shi da lokacin. Ya je wurin mai gyaran famfo ya sayo kan famfo na tagulla, irin na bayan gida, ya sa shi a madadin guntun bututun. In yana son ɗumi sai ya tsaya ya buɗe bonet ya murɗa, in ya ishe shi ya sake tsayawa.

Kwanan baya ya rage min hanya daga ofis. Mun ɗan yi tafiya na ji ƙafafuna na dahuwa.

"Yaya Babba, ka bar famfonka a buɗe."

"Da safe na kai kaya, na manta." Ya gangara gefen titi ya ja hannun bonet. "Sauka ka rufe. Dama ake murɗawa."

Na sauka, na kama tagullar da hannu tsirara, na saki da ihu. Ya leƙo ta taga yana dariya, dariyar ta koma tari, ya miƙo min tsumma.

"Mutum da iliminsa bai san ƙarfe na ɗaukar zafi ba. Yi sauri, Akawu, ana mana hon."